Goron Modi

Modi ya aiko goro, karo na ukku.
Na naɗe a ganye, na yayyafa ruwa,
ban ce i ba, ban ce a'a ba.

Sunana na cikin takardar tallafin matan mamata.
Ran da aka shafa fatiha biro zai bi ta kansa,
kuɗin makarantar Yalli su bi biron.

Shi ma ya sauke allon shagonsa na Ƙofar Rini
tun da masu haraji suka zo da kwaɗo.
A zaure yake dukancinsa yanzu.

Jiya ya ce, "Ige, akwai Allah."
Na sani, Modi.
Amma na ƙirga har sau bakwai:
ni kaɗai na fi mu biyu samu.

Goron ya fara yaushi.
Na ƙara masa ruwa.