Lissafi a Bayan Rasitin Mai

Ruwan dare a Iloilo ya ƙi ɗaukewa.
Na kashe jifni a gindin mangwaro,
na shigo da gwangwanin canji yana kuka,
na iske Remedios a bakin tebur,
shinkafarta ta huce, fensir a haƙori.

Ta ce, "Tatay, zauna, kai ne gwanin lissafi."
Ni da na tsaya a aji shida!
Sai dai shekara ashirin ina ba da canji
da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari.

A makarantarsu abin a kife yake:
ɗaya ce ƙololuwa, biyar rami ce,
mai son hawa sai ya gangaro.
Masu biya mata karatun jinya
sun ja layi a kan biyu,
in ta haura, su naɗe hannu.

Tana karanto makin tsakiyar zango,
ina rubutawa a bayan rasitin mai.
Tarihi, ɗaya da kwata, nauyinsa uku.
Lissafi, ɗaya da rabi, shi ma uku.
Sassan jiki, biyu da kwata, nauyi huɗu.
Sai murya ta yi ƙasa:
sinadarai, uku ba kwata, nauyi biyar.

Na shaida shi nan take.
Fasinjan nan ne mai tumbi da buhu uku,
in ya zauna gefe guda, mota ta karkace.

Muka ninka kowanne da nauyinsa,
muka tara, talatin da ɗaya,
muka raba gida goma sha biyar.
Biyu, da ɗan ɓurɓushi a wutsiya,
ɗigo sifiri bakwai.
Bai fi ƙayar kifi ba,
amma a maƙogwaro ya tsaya.

Ta ce za ta ƙara dare a kan tarihi,
shi take so, shi ke sonta.
Na gwada mata: ko ya zama ɗaya cur,
ƙayar tana nan.
Na ce, tarihi ya biya kuɗin motarsa,
je ki wurin mai tumbin.
Ba sauke shi za ki yi ba,
ki ce ya gusa kwata ɗaya tak.
Biyu da rabi. Ta sake bugawa.
Ɗaya da ɗigo tara takwas.
Ta ja shinkafar, ta ci da sanyinta.

Yanzu asuba tana kujerar gaba.
Ta manna katuna a jikin gilashi,
ina jefa mata sunayen da ke karya mini harshe,
fasinjoji na dariya har kasuwar La Paz.
Lola Consorcia, mai kwandon kaguwa,
ashe tsohuwar malama ce,
kullum tana gyara mu, mu biyun,
na daina karɓar kuɗinta.

Saura kwana tara jarrabawa.
Rasitin yana soke a saman madubi,
tawadar ta fara kodewa.
A danja nakan ciro shi in sake rabawa,
har na baya su dame ni da oda.