Jigon Kawu Mantau

Ranar da aka rufe hanya
na ajiye motata a gindin darbejiya,
na sa mata dutse a bayan taya,
ni ma na zauna, kamar an sa mini nawa.

Kasuwar Gujungu ta daina ci.
Ba lodi, ba fasinja, ba rigimar canji,
sai rediyo a kan ƙirji:
mutum kaza sun kamu, mutum kaza sun riga mu.
In wanke hannu, in ci tuwo, in mirgina,
in tashi in kaɗa shayi da cokali huɗu na siga,
tabarma ta haddace siffar bayana.

Kafin wata biyu tazuge ya ƙi haɗuwa.
Ƙishirwa ta kwana a maƙogwarona,
sau biyar nake zagawa kafin asalatu.
In na sunkuya ruku'u
gwiwa ta yi kukan tsohon ƙyaure.

A asibitin sha-ka-tafi
Asabe, da takunkumi har gindin ido,
ta huda ɗan yatsana, ta dubi na'ura, ta dube ni.
"Ilu, siga ya hau.
Jiki ma yana da masu gadi,
naka ka ciyar da su har sun yi barci.
Baƙuwar nan irin gidanka take nema."

Na bi ta fadama don kada a ga fuskata.
Can na tarar da Kawu Mantau,
saba'in da ɗoriya, haƙarƙari a ƙirge,
yana sunkuyar da jigo, yana shayar da albasa.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya nuna wata kwata da ruwa ya kwanta, ya yi kore,
sannan ya matsa nesa, ya bar mini igiya.

Guga bakwai na ja, duniya ta juya.
Washegari tara.
Tafin hannu ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.
Ban san daren da barci ya dawo ba,
Ladidi ce ta ce na daina juyi.

Da aka buɗe hanya na janye dutsen,
na murza makulli. Shiru.
Ita ma zaman ya cinye mata batir.
Na ɗora yaron mota a kan sitiyari,
na koma baya cikin masu turi.