Harshen Da Ya Tsaya A Shekara Bakwai

Kazakancina shekararsa bakwai.
Nan ya tsaya, ranar da aka kai kakata Ulbosin makwancinta
a ƙauyen bayan duwatsu,
muka juyo Almati cikin motar kawu,
kowa na Rashanci kamar mutum ɗaya kaɗai aka binne.

Ni na girma, shi bai girma ba.
Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a shagon magani
ina warware rubutun likitoci da harshen makaranta,
shi kuwa yana nan da gajeren wandonsa:
ya san burodi, ya san ruwa, ya san "sauko daga nan",
bai san haraji ba,
bai iya ta'aziyya ba.

Da shi na ce zan rene ki, Inkar.
Babanki ya yi dariya, ya ce wa ya taɓa ganin
yaro ya goyi yaro?
Na ce da babu gara ba daɗi.

Na bi gidan da takarda da gam,
firji da sunansa, madubi da sunansa,
har bututun ɗumama ɗaki na raɗa wa suna.
In kin yi barci in buɗe ƙamus
in ciwo bashin kalmomin gobe:
inuwa, ƙanƙara, haƙuri.
Da safe in miƙa miki su da ɗuminsu
kamar a tukunyata suka kwana.

Amma ranar da kika fizge hannunki kika nufi titi,
bas na tahowa,
Rashanci ne ya yi tsalle daga bakina.
Tsoro ba ya jiran ƙamus.
Na rungume ki ina rawar jiki,
ina jin haushin harshen da ya cece ki.

A kasuwa, tsohuwa mai busasshen cuku
ta gyara mini wutsiyar kalma a gabanki,
ta ce da maƙwabciyarta, "'Yan birni ke nan."
Na biya, ban tsaya karɓar canji ba.
Kin ɗaga kai kin dube ni.
Wannan kallon har yau ban samo sunansa ba,
a harsunan biyu duka.

Sai ga ki wata Laraba daga makarantar yara,
kin kwaso dawakai cike da baki:
kulin, tai, kunan, donen,
kowace shekarar doki da nata suna.
Ni doki ɗaya gare ni, shi ma gurgu.
Kika zaunar da ni a kan darduma,
kika ce, "Mama, maimaita."
Na maimaita.
Kika ce, "A'a, daga maƙogwaro."

Cikin hunturun nan zazzaɓi ya kama ki.
Ƙarfe uku na dare, tsumma da ruwa a kwano,
na san sunan kowane magani da awonsa,
ba wanda ya yi saurin da nake so.
Sai wata kalma ta fito da kanta,
ban aro ta ba, ban manna ta a bango ba:
ainalayin.
Ta zo da warin hayaƙi da madarar da ta tafasa ta zube,
da tafin hannu mai kaushi a goshina.

Kika buɗe ido. "Me ke nan?"
Na ce, wai in kewaye ki,
in yi ta kewaya ki
har ciwon ya rikice ya biyo ni.

Jiya ina wanke kofuna na jiyo ki
kin sunkuya kan gadon Miras
kina faɗa masa ita.
Kin ja tsakiyarta yadda nake ja,
wanda na tabbata ba haka kakata take faɗi ba.
Na buɗe baki zan gyara,
sai na tuna ban san daidai ɗin ba.
Na bar famfo yana zuba
don kada ki ji ni ki daina.