Gishirin Hanya

Wendell Maki ya ɗaga ta sama
kamar barewar da mafarauta suka rataye,
ya ce, "Lorna, zo ki gani da idonki."
Na sunkuya ƙarƙashinta,
narkakkiyar ƙanƙara tana ɗiga a wuyana.
Ya soka sukudireba a haƙarƙarinta,
ƙarfe ya marmashe kamar burodin shekaranjiya.

Gishirin da hukuma ke barbaɗawa a titi
don kada santsi ya kai mu rami,
shi ya cinye mata ciki.
Shekara goma sha tara tana lasa,
ba ta taɓa cewa ya yi yawa ba.

Mil dubu ɗari uku da goma sha ɗaya.
Ba mu je ko'ina ba, ni da ita:
daga Marquette zuwa bakin tafki,
akwatin wasiƙa ɗari huɗu da shida,
tsaya, buɗe, tura, rufe, tashi,
mu dawo, gobe mu koma.
Wata ƙwarai da nisa, in ji jikana,
amma mun wuce shi tuni,
yanzu muna hanyar dawowa.

Kukan birki ne ya kawo ni.
Ana kukan targaɗe, sai ga karaya:
giya ta fara zamewa,
lagireto yana zubar da koren hawaye,
salansa kuwa waya ce ke riƙe da mutuncinta.
Wendell ya lashi fensir, ya rubuta a bayan kwali:
dala dubu uku da ɗari biyu.
"Nawa za ta yi in na sayar?"
Ya dubi silin. "Ɗari takwas.
In tankinta a cike yake."

Bara, batir da tayoyi huɗu.
Bariya, famfon ruwa.
Na kasa tuna abin da ya rage
na ainihin motar da na saya,
ban da sitiyari da ya ɗauki sawun tafina,
da tabon kofi a kujera
tun ranar da aka kira ni asibiti
aka ce Joelle ta sauka lafiya.

Joelle ɗin ce yanzu take min lissafi a waya:
"Mama, rijiya kike zuba wa kuɗi.
Karɓi bashi, ki sayi sabuwa."
Bashin shekara shida,
ni da saura biyu in ajiye jaka.
Ta ce sabo turken wawa.
Na ce na ji. Ban musa ba.

Sai dai tsoho Arvid Salmela,
da ido ya guje masa,
da tarin injinta yake gane ƙarfe sha ɗaya ta yi.
Yakan fito da sanda ya jira maganinsa.
Ranar da na ari motar maƙwabciya
bai fito ba sam,
ya ce bai ji kowa ya zo ba.

Wannan ba hujja ba ce, na sani.
Banki ba ya karɓar kunnen Arvid.

Na ce wa Wendell: yi birki, yi lagireto,
giya ta yi haƙuri har ƙanƙara ta narke.
Ya girgiza kai, ya goge hannu a tsumma.
"Ranar da ta tsaya miki a daji, kira ni.
Kada ki kira da dare."

Ranar Talata ina ware wasiƙun safe
sai ga farin ambulan mai tambarin garejinsa,
sunana a kai, da yatsan baƙin mai a gefe.
Na sa shi a layinsa kamar na kowa.
Ta ja, ta yi tari, ta shiga giya ta biyu da ƙyar.
Gidana ne akwati na ƙarshe.
Na tsaya, na buɗe, na tura, na rufe.
Ban kashe injin ba tukuna.