Hamsin Biyu

Sahabi ya shimfiɗa tsumma a kan kanta,
ya ajiye gilashin kyamara guda biyu
a hankali, kamar mai jera ƙwan zabi.
"Duk hamsin-hamsin na," in ji shi,
"daidai yadda idon mutum ka gani.
Babu mai jawo maka nesa a cikinsu.
In kana son kusa, ƙafarka za ta biya."

Na dama sabo ne, roba, baƙi wuluk,
ba nauyi, kamar ƙoƙon da aka shanye furarsa.
Ɗaya da ɗigo takwas yake buɗewa.
Ka danna, ya yi ɗan kukan sauro,
ya nemo abin ɗauka da kansa.

Na hagu ya girme ni.
Ƙarfe ne, fentin ya koɗe
inda yatsun wani suka shekara suna murzawa.
Ɗaya da ɗigo huɗu: ido tangaram,
mai lasar ɗan hasken da ya rage a kwanon yini.
Kuɗinsa ya kusa na ragon layya.

"Mi kaka ɗauka? Biki ko suna?"
Na ce, babana.

Na bar makullin babur jingina,
na zuba su aljihu biyu, na gangara Madunka a ƙasa,
rana tana dukan ƙeyata.

Zauren Baba ƙofa ɗaya gare shi.
Bayan la'asar haske kan shigo da sallama,
ya zauna a bakin tabarma, ba ya ƙarasowa.
Can ciki yake, jar fatar akuya a gwiwa,
warin bagaruwa ya kama bango.
Ya hana ni walƙiyar kyamara tun bara,
wai tana bar masa taurari har isha.

Na ɗaura sabon.
Ya yi gaba, ya yi baya, ya kama buta,
ya saki, ya kama Baba.
Hoto tsaf: ga shi, ga kalandar banki,
ga tsagar gini, ga takalman da ba a zo karɓa ba.
Ba abin da ya ɓoye, ba abin da ya zaɓa.

Na ɗaura tsohon, na buɗe shi duka.
Na murza, na wuce, na dawo,
na riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.
Abin da ya fito ya ba ni haushi:
tsinin basilla, babban yatsa,
ɗinki uku a gefen fata.
Sauran duk sun narke,
fuska da hula da bango,
kamar ta cikin tururin tukunya.

Baba ya karɓa, ya kai allon har hancinsa.
Yanar idonsa ta yi fari a hasken.
Ya daɗe.
"Wanga gilashi tsarana na," ya ce.
"Haka nike ganin duniya yanzu.
Abin da ke hannuna, ras.
Kai kanka, Modi, da murya nike gane ka."
Ya miƙo mini, ya koma ɗinkinsa.

An kira magariba ina hanya.
A gaban Sahabi na ƙirga kuɗina sau biyu,
ba su haihu ba.
Ga bikin Asabar a Mabera,
amare ba sa tsayawa a murza musu gilashi,
kowa so yake ya fito har ɗan kunne.

Na sayi sabon.
Yana aiki, ban da ƙorafi,
ya biya kuɗinsa kafin damina.

Amma hoton da na wanke na rataya,
yatsa ne da basilla da ɗinki uku.
Baƙi kan tambaya, ina mai hannun?

Duk Juma'a nakan bi ta shagon,
in leƙa akwatin gilashi ta gefen ido.
Sahabi ba ya ko ɗaga kai daga wayarsa.
"Shina nan," yakan ce.
"Tsoho bai gaggawa."