Ganyen Gautar Kawu Barmo

Kawu Barmo ya taso daga lambunsa na Meskin
da ganyen gauta a aljihun taguwa,
ya shimfiɗa min a tebur kamar takardar sammaci.
Ya ce, "Kai da ke wuni kan madubi a Marwa,
duba min bakin da ya kama shukata.
Ruwa na ba ta, taki na ba ta,
ga ta nan furu-furu kamar an watsa mata toka."

Na kifa ganyen,
don ɓarnar a ƙarƙashi take kwana.
Ya runtse ido ɗaya, ya kafa ɗayan,
ya ja da baya, hula ta zame.
"Subhanallahi! Ai kasuwa ke ci a nan."

Na ce ƙirga ƙafafun waccan ja.
Ya ƙirga da leɓe. Takwas.
To ba dangin fara ba ce, ba ta tururuwa ba,
masu shida gidansu daban.
Wannan ƙanwar kaska ce, 'yar ɗakin gizo-gizo:
ba wuya, ba ƙugu, ba fiffike,
jiki dunƙule guda,
ƙwayar gero a gabanta tulu ce.
A bakinta allura biyu, sun fi gashin ido kaifi,
tana soka, tana zuƙe koren ɗaki bayan ɗaki,
ta bar wa ganye ɗigon fari ta ƙara gaba.

"Ga wata mai shida," in ji shi, "ka yi ƙarya."
Jaririya ce, Kawu.
Sai ta yi saɓa za a cika mata biyun.

Na buɗe akwatin gilasaina.
Ga ta tumatirin Gazawa, doguwa kamar karas,
ƙafa huɗu kacal, duka a gaba,
kowace da ɗan gashin tsuntsu a tafinta.
Ga ta lemo, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai,
mai tafiyar wanda ba ya bin kowa bashi.

Kawu mutum ne da in ya kalli kuncinka
zai faɗa maka garin kakanka.
Na ce mu ma tsaga muke karantawa:
gashin gadon baya, nawa ne, ina ya tsiro,
wanne ya kai ga tushen na bayansa,
ƙumbar ƙafa a tsage take ko a lanƙwashe.
Gashi ɗaya ya ɓace, zuriya ta sauya.
Na taɓa kwana uku kan guda ɗaya,
ashe ƙura ce.

"To wannan 'yar gidan wa ce?"
Gidan na sani, Kawu, ɗakin ne ban sani ba.
Matan duk kamarsu ɗaya.
Sai na sami namiji, ɗan tsamurarre,
na kwantar da shi a gefensa cikin ɗigon ƙaro,
abin da ke wutsiyarsa ne ke faɗin suna.
Ya yi dariya har da tari.

Sai ga wata fara, mai dogayen ƙafafu,
ta ratso da gudu ta cafki ƙwai.
Na ce wannan taka ce,
ba ta cin ganye, masu cin ganye take ci.
Ita kaɗai na gani a duk faɗin ganyen.
Ya yi shiru.
Ya ce, "Sau huɗu na yi feshi tun Sallah."

Bai sha shayin ba.
Ya naɗe ganyen a hankali, ba yadda ya zo da shi ba,
ya tura kekensa ya bi gaɓar Mayo Tsanaga.
Jibi zai dawo, ya ce,
da ganye goma daga kunya goma,
ko Allah zai sa a dace da namijin.