Murfin Gwangwani

A ɗakin Inna Fanna, bisa kantar ƙasa,
tsakanin kwalbar turare da tulun man shanu,
akwai gwangwanin biskit
da kakana Kiyari ya zo da shi daga Kano
shekarar da fata ta yi kuɗi.
Biskit ɗin ya ƙare tun ba a haifi ubana ba.
Gidan da ke kan murfin ne ya saura.

Gidan dutse ne, can ƙasar Ingila.
Na ƙirga tagoginsa ina ɗan lakwal:
ashirin da uku, ban da wadda reshe ya rufe.
Bututun hayaƙi shida, babu hayaƙi ko ɗaya.
Ciyawa kwance luf kamar an yi mata guga,
shingen ganye da aski kwal-kwal,
tafki, da farin tsuntsu mai wuyan buta,
tumaki can nesa, ba makiyayi, ba sanda.

Na ce, Inna, su wa ke ciki?
Ta kai murfin kusa da ido, ta daɗe,
ta ce, ɗan nan, duk wannan ruwa
ba a samu mai dasa albasa ba?

A ciki take ajiye iri.
Yakuwa a ƙullin tsumma, kuɓewa a ƙullin leda,
'ya'yan kabewa barbaje a ƙasa,
da ƙwallon dabino ɗaya
da ba ta taɓa faɗin daga inda ya fito ba.

Namu gidan na nan cikin Birni,
bayan duwatsun da rana ke gasawa har la'asar.
Tubali ne da azara, zankwaye huɗu,
da zanen ƙofa da Barmo magini ya murɗa da yatsu.
Sawun babban yatsansa na nan, in ka san inda za ka duba.
Garkarmu taku goma sha biyu ce:
lemun tsami, lalle, gwaiba mai rowa.
A Damagaram ruwa ba ya zuwa da kansa,
ɗauko shi ake.
Ruwan alwala, ruwan wankin gero,
duk a gindin lemun nan suke ƙarewa,
shi ya sa Inna ke cewa ya fi mu yawan salla.

Bana damina ta ci katangar gabas.
Gara ta gama da azarar zaure, jemagu sun gaji soro.
Magada mun kai talatin,
kowa da bakinsa, ba mai kwaɓa ƙasa.
Wani ya ce siminti, wani ya ce a sayar.

Ran nan wata Baturiya ta tsaya ɗaukar hoton ƙofarmu.
Na fito mata da murfin.
Ta yi dariya, ta ce ta san irinsu:
rufinsu na yoyo,
jikokin mai gida sun takure a ɗaki biyu,
sauran ɗakunan baƙi ke biya su leƙa,
su sha shayi, su tafi.
Ashe dutse ma yana tsufa.
Ashe can ma akwai mai tara kwano
a ƙarƙashin ɗigo da tsakar dare.

Yanzu tsatsa ta cinye tagogi tara,
ta sha rabin tafkin,
tsuntsun ya zama tabo.
Inna ta yi shekara bakwai a ƙasa.

Jiya na buɗe gwangwanin da bakin wuƙa.
Ƙamshin hannunta ya fito ya zauna kusa da ni.
Na aika a kira jikan Barmo, ya zo ya duba katanga,
ya ce sai bayan girbi, kuma a tanadi makuba.
Na ce to.
Na ɗauki ƙwallon dabinon nan
na tona masa rami inda indararo ke zuba.
Ban sani ba ko yana da rai.
Na dai ba shi ruwan alwalar magariba.